Mai Jirgin da Ya Daina Waiwaye

Kaka Mati ya daina waiwaye. Wannan ne abu na farko da na lura da shi a shekarar da na gama jami'a a Wad Madani, na dawo ƙauyenmu zaman jiran aiki. Jiragenmu na gulbi da dogayen filafilai biyu ake tuƙa su, matuƙi ya zauna ya ba wurin da za shi baya, fuskarsa tana kallon waɗanda ya ɗauko. Shi ya sa kowane matuƙi yakan riƙa jefa ido ta kan kafaɗa don ya ga gabansa. Kaka Mati kuwa sai dai ya ɗan karkata kai gefen hagu kamar wanda ake raɗa wa magana, ya ja filafili ɗaya fiye da ɗayan, jirgi ya miƙe. Matan da yake ƙetarwa suna ta hirar tumatir da suna da biki, babu wadda ta kula. Ni da ba ni da bakin shiga hira, kallo ne aikina.

Ƙanen kakata ne ta wajen uwa. Dogo ne siriri, baƙi, da ɗan gemu fari a haɓa, kuma tun kafin a haifi innata yake ƙetarar da mutane daga gaɓarmu zuwa tsibirin da ke tsakiyar gulbi. Ƙauyenmu yana ƙasa kaɗan da madatsar ruwa ta Sinnar, kusa da gari har muna jin ƙarar motocinsa. Idan damina ta wuce ruwa ya ja baya, sai tsibirin ya fito da baƙar ƙasa mai laushi, mata su raba ta su shuka tumatir da albasa da kuɓewa da kankana. Da safe Kaka Mati ya kai su, da rana ta karya ya dawo da su da kwandunansu. Sauran matuƙa idan sun sauke mutane sukan koma gaɓa su shiga rumfar mai shayi. Shi ba ya komawa. Yakan ɗaure jirgi a gindin wata bagaruwa, ya taka zuwa bayan tsibirin inda ruwa ya bar wata 'yar fadama, ya zauna ya yi ta kallon tsuntsaye.

Ba ya harbinsu, ba ya ɗana musu tarko, ba ya ɗaukar ƙwansu. Kallo kawai. Mutane sun daɗe da gajiya da yi masa dariya a kan haka. Matarsa, Kaka Dije, takan ce da a ce tsuntsu na biyan ladan kallo, da tuni sun gina bene a Sinnar.

Fadamar ba wani wurin sha'awa ba ce ga wanda bai zauna ba. Daga can kana hango hayaƙin masu gasa bulo a ɗaya gaɓar, ledojin gari sun maƙale a cikin ciyawa, injin ban ruwa yana ta tari. Amma ranar da innata ta ga ba na tsinana komai a gonar tumatir sai tattake shuka, ta ce in je in zauna wajen kakana, na ga abin da ban taɓa gani ba duk da a bakin gulbin nan aka haife ni. Zalɓe yana tsaye cikin ruwa kamar an kafa shi, wuyansa a naɗe. Jinjimi fari mai baƙin kai yana caccakar laka da lanƙwasasshen baki. Kirinjijiya sun yi layi a kan tudu suna fito. Wata 'yar tsuntsuwa mai launin ƙasa-ƙasa da dogayen yatsu tana takawa a kan ganyen bado, ganyen yana nutsewa kaɗan a bayanta yana sake tasowa.

"Amarya, an koro ki daga gona?" in ji shi. Haka yake kirana tun ina rarrafe, irin wasan kaka da jika. "Duk karatun ga naki bai koya miki tsinkar tumatir ba? To ni na fasa auren."

Na ce ai ni ma ban ce ina son tsoho ba. Iyakar abin da na iya faɗi ke nan, shi ma a hankali. Ya yi dariya har ya buga cinya, ya matsa mini wuri.

A bakin laka akwai wasu ƙananan tsuntsaye masu launin toka, da yawa, suna ta gudu suna tsayawa. Ya ce waɗannan ba 'yan gida ba ne, da sanyi suke zuwa, zafi na kamawa su tashi. Alhazai yake kiransu. Ya ce irin kakanninmu ne da suka taso daga Sakkwato a ƙafa za su Makka, suka iso bakin gulbin nan suka ce bari su huta.

"Su dai sun fi mu cika alkawari," in ji shi. "Suna hutawa su wuce. Mu kam munka huta har yau."

Waɗanda bai gaji sunansu daga iyaye ba, shi ya raɗa musu. Akwai Tela, wanda ke soka baki a laka da sauri-sauri kamar keken ɗinki. Akwai Mai Ruku'u, wanda ba ya iya tsayawa sai yana sunkuyawa yana ɗagowa. Akwai Ɗan Gaye, fari da baƙi a kan wasu jajayen ƙafafu da suka yi masa tsawo.

Muna zaune ya ce, "Wancan da ya sauka yanzu kusa da kara, wace irin ƙafa gare shi? Ja ko tsanwa?"

Tsuntsun bai fi jifa kaɗan daga inda muke ba, rana tana haska shi sosai. Na dubi fuskar Kaka Mati. Ba tsuntsun yake kallo ba, ɗan gefensa yake kallo. A cikin baƙin idonsa akwai wani fari-fari kamar an ɗiga nono a shayi.

Na ce, "Tsanwa-tsanwa."

"Na sani. Kukansa ne na ji. So nike in ga ko kina da ido."

Daga ranar na riƙa zuwa fadamar. Shi ya ji kuka ya faɗi suna, ni in duba in faɗi abin da tsuntsun yake yi. Bai yarda da gajeren bayani. In na ce zalɓe ya kama kifi, sai ya ce wane iri, ta kai ya haɗiye ko sai da ya juya shi, ya girgiza wuya bayan nan ko bai girgiza ba. A wurinsa na koyi cewa kallo ma aiki ne, kuma ana iya yin sa da ha'inci.

A nan kuma na gane yadda yake ƙetarawa. Tsakanin gaɓarmu da tsibirin akwai wani dogon tudun yashi, rabinsa a sarari, rabinsa a ɓoye ƙarƙashin ruwan da bai kai gwiwa ba. Hanyar jirgi mai zurfi ta bi ta daidai ƙarshen tudun, ta wajen da ruwa ke gangarowa. A wannan ƙarshen tudun ne wasu ƙeƙuwa biyu, mace da namiji, suka yi ƙwai a kan yashi tsirara. Ƙeƙuwa tsuntsu ne mai baƙin kai da fararen kumatu, kuma babu mai tsegumi kamarsa: da ya hango jirgi zai fara ihu, ba zai yi shiru ba sai ka wuce. Kaka Mati yakan saita jirgi da wannan ihun, ya bar shi a kunnensa na hagu, ya ratsa ta gefensa. Tsuntsayen da ya shekara da shekaru yana kallo su ne suka zama idonsa.

Na gaya wa innata cewa ina jin Kaka ba ya gani sosai. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Kawu Mati? Ko barci yake yi zai kai mu tsibiri. Ke dai karatu ya sa miki tsoron komai."

Shi kuwa ya san abin da yake tsoro. Ɗansa, Kawu Gado, direban hafla ne, ƙaramar bas ɗin da ke jigila tsakanin ƙauyukanmu da Sinnar, kuma ya daɗe yana cewa tsohon ya bar gulbi ya zauna gida, a sayar da jirgin. Dalili kawai yake jira. Asibiti kuma Kaka Mati ba ya son ko a ambata. Abokinsa Yakubu ya taɓa yin irin wannan yanar ido, wani mai maganin gargajiya ya zo ya soka masa allura ya kwantar da ita. Ya gani na ɗan lokaci, daga baya idon ya mutu gaba ɗaya, har ya rasu ana jan sa da sanda. A wurin Kaka Mati duk mai taɓa ido da ƙarfe ɗaya ne, ko da farar riga ko babu.

"In na rasa jirgin ga, amarya, wa zai kai ni fadama?" Sau ɗaya ya faɗi haka, yana wasa da igiya a hannunsa, bai kuma jira amsa ba.

Ranar Juma'a ba ya ƙetarawa. A wata Juma'a, da ruwa ya ƙara ja har ana iya takawa daga ƙasan gari zuwa tudun yashin, masu karo, wato amalanke, suka shigo da jakunansu suka kwashi yashin gini daga kan tudun, daidai inda ƙeƙuwar suke. Babu wanda ya kawo labarin ƙauye, don ba labari ba ne. Tsuntsayen suka tashi suka koma tsakiyar tudun.

Washegari da safe muka shiga jirgi. Akwai innata, akwai wasu mata uku, akwai Najwa da goyonta a baya, akwai Sabah, wadda duk ƙauyen ke shakkar bakinta. Ƙeƙuwa suka fara ihu kamar kullum. Kaka Mati ya karkata kai, ya saita jirgi da muryarsu, ya ja da ƙarfinsa. Ruwan ya yi laushi, rana tana walƙiya a kansa, ba a ganin abin da ke ƙasa. Sai muka ji ƙuuu, jirgi ya hau yashi da gudu ya kwanta gefe ɗaya. Kwanduna suka zube, tulun ruwan sha ya fashe. Najwa, da ke zaune a baki, ta tuntsura cikin ruwa da yaron.

Kafin kowa ya gama salati Kaka Mati ya dira. Kukan yaron ya bi, ya laluba ya kama zanen goyon, ya ɗaga su duka biyu. Ruwan iyakarsa gwiwa, yaron bai sha ba, tsoro ne kawai da sanyi.

Sabah ta fara. "Ya jama'a! Baba Mati, tudu ƙato kamar masallacin Juma'a, ba ka gan shi ba? Ko tsuntsayen naka kake lissafi? Wallahi da ɗan mutane ya tahi, da mi za ka ce?"

Yana tsaye cikin ruwa, riga ta manne masa a jiki. Zai iya cewa ruwa ne ya ja da dare, ko yashi ne ya gusa, kowa zai yarda, don gulbin yana yin haka. Ya sa hannu ya share fuska.

"Ban gan shi ba, Sabah," in ji shi. "Gaskiyarki. Tun damina ba ni ganin komi sai farin hayaƙi. Ko ke da ke gabana, bakinki kawai nike ganewa."

Wata ta fara dariya ta haɗiye.

"Da mi kake kai mu duk watannin ga?" in ji innata.

"Da waɗancan." Ya nuna inda ƙeƙuwar ke ihu. Sai ya juyo wajena. "Amarya, duba mini. Ba nan suke ba da. Mi ya tashe su?"

Na ce akwai sawun karo a kan tudun, an kwashe yashin wurin.

"Ƙwan fa?"

Na ce ban ga komai ba sai rami. Daga nan ya sa kafaɗa ya tura jirgin, mata suka sauka suka taya shi. Da muka koma ciki ya ce ba za shi tsibiri ba, gida za mu koma, kuma Sabah ta zauna gabansa ta riƙa faɗa masa dama da hagu tunda Allah ya ba ta murya. Haka aka yi. "Dama, Baba! Damarka, ba tawa ba!" Har muka iso gaɓa.

Ya ɗaure jirgi, ya zare filafilan biyu ya saɓa a kafaɗa. Bai bi ta gidansa ba. Ya ratsa ƙauye da jiƙaƙƙiyar riga, ina biye da shi daga nesa, har ƙofar gidan Kawu Gado, wanda ya dawo karin kumallo. Ya jingina filafilan a bango.

"Ga su nan," in ji shi. "Na kusa kashe ɗan Najwa. Idona ya tahi. Ka yi yadda ka ga dama da jirgin."

Kawu Gado ya daɗe yana jiran wannan ranar, amma da ta zo sai ya tsaya da kofin shayi a hannu. Can ya ce, "Baba, shiga ka sake riga."

Bai sayar da jirgin ba. Ya sa aka jawo shi kan tudu aka kife, ya kulle filafilan a ɗakinsa, ya ce magana ɗaya ce: asibitin ido a Sinnar, in ya so daga baya a san abin yi. Kaka Mati ya kwana biyu yana jan ƙafa. Kaka Dije ce ta gama da shi. Ta ce ita ba za ta iya zama da shi a gida wuni guda ba, tun da aka kai ta ɗakinsa ba ta saba ba, ya je ko don ta huta.

Likita ya ce idon dama zai gyaru, na hagu kuwa akwai wata cutar a bayan yanar, sai dai haƙuri. Aka yi aikin. Kawu Gado ya ce tsohon bai saki hannunsa ba sai da ma'aikaciyar jinya ta ɓamɓare yatsunsa a ƙofar ɗakin tiyata. Da aka cire bandeji washegari, abin da ya fara cewa shi ne, "Gado, yaushe ka yi furfura?"

Aka hana shi ɗaukar nauyi da sunkuyawa da shiga rana na wasu makonni. Ya zauna a rumfa da baƙin tabarau kamar ɗan kasuwar canji, yana fushi da kowa. Mata suka koma shiga jirgin Khalid mai inji, wanda ke kai su cikin ƙiftawar ido, amma ƙararsa na tashin duk abin da ke fadamar. Nakan je in zauna ni kaɗai har tsuntsayen su dawo su sauka, da yamma in kawo wa Kaka Mati labari. Zafi ya fara. Kullum alhazan suna raguwa, har wata rana na je na tarar da bakin lakar wayam, sai Ɗan Gaye guda biyu da zalɓe. Da na gaya masa ya ce, "Sun tahi ban gan su ba." Ya gyara tabarau. "To, Allah shi kai su. In da rai sa dawo."

Ranar da likita ya sallame shi, ya ce a kai shi bakin gulbi. Kawu Gado ya ajiye hafla ya zo da kansa, ni da innata da Kaka Dije muka biyo. Labari ya kai wa Sabah, sai ga ta. Kaka Mati ya cire tabarau, ya runtse idon hagu, ya daɗe yana kallon ruwa. Iska tana kaɗa masa gemu.

"To Baba," in ji Kawu Gado, "faɗa mini abin da ke kan tudun can. In ka faɗa daidai, mu yi magana."

"Akwai ramin da 'yan karo sunka bari. Akwai balbela a bakinsa, ɗaya na ɗingishi. Can ƙasa ga mutanena ƙeƙuwa nan, macen ta kwanta, ta sake yin ƙwai ke nan. Ga kuma takalmin wani, ƙafa ɗaya, shuɗi."

Kawu Gado ya kare rana da hannu ya leƙa, ya sake leƙawa. Ya juyo wajena. "Abrar, haka ne?"

Na ce haka ne, har takalmin.

"Kai da ke tuƙa mutane a mota," in ji Sabah, "kai ma a kai ka a duba naka."

Aka yi dariya, har shi Kawu Gado. Amma bai sauko ba sai da ya kafa sharaɗi: babu ƙetarawa da asuba, babu bayan rana ta yi ja, kuma duk lokacin da likita ya sa a koma za a koma. Kaka Mati ya ce ya yarda, ya ƙara nasa a kai: ranar da idon nan ya fara hayaƙi, shi da bakinsa zai faɗa a ranar, ba sai yashi ya faɗa ba. Ya dubi Sabah ya ce ta gaya wa Najwa ba dole ta sake shiga jirginsa ba, ba zai ji haushi ba.

"Ita ta ce in tambaya yaushe za ka fara," in ji Sabah. "Injin Khalid na sa ɗanta kuka."

Kawu Gado ya tafi gida ya dawo da filafilan a kafaɗa. Aka taru aka birkice jirgin. Zaman da ya yi a rana ya busar da katakon, haske yana ratsowa ta tsakanin allunan, ba zai shiga ruwa a ranar ba. Kowa ya watse zuwa sha'aninsa. Kaka Mati ya aika aka karɓo masa wata tsohuwar riga a gida, ya yayyage ta siri-siri, ya zauna a inuwar jirgin yana cusa tsumma a tsagar katako da bayan wuƙa har aka kira la'asar.